Zaman Tuƙa a Karar Wudil

Yaran da ke zuwa wurina neman shiga dillancin shanu kusan duk magana ɗaya suke yi. Su ce, "Alhaji, ai sana'ar nan baki ce kawai. Ka tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, ka yi ta surutu har a daidaita, ka karɓi la'adarka." Wani ma ya taɓa gaya mini cewa ya lura da ni, da safe ba abin da nake yi sai zama a gefen kara, wato kasuwar shanu, ina kallon saniya tana tauna. Ba na musu da su. Cewa nake yi su zo ranar Juma'a, ranar kasuwarmu, su tsaya kusa da ni daga hantsi zuwa kiran salla. Yawancinsu kafin rana ta take murya ta dishe, ido ya yi ja, sun yi cacar baki da mutanen da ba su sani ba, kuma ko maraƙi ba su sayar ba.

Ni mutumin Lajawa ne, ɗan manoma, ban gaji kara ba. Da ƙafa na zo Wudil, na shiga hannun Baba Nalado. Shi fatoma ne, wato dillalin da baƙi ke sauka a gidansa. Bafulatani ya taso daga daji da shanunsa, fatoma zai ba shi wurin kwana da abinci, ya tsare masa dabbobi, ya sayar masa, in rigima ta taso kuma ya tsaya masa. Baba Nalado gajere ne, ba shi da ƙiba, ba ya ɗaga murya. A kara kuwa, inda kowa ke ihu, sai ka ga mutane suna sunkuyowa don su ji abin da zai ce.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai sanda, ta nuni da raba hanya, don dillalin da ke dukan dabbar mutane ba ya daɗewa da baƙi. Akwai igiyar rama da mu da kanmu muke tufkawa, tun kafin ta roba ta zo. Sauran aikin na hannu ne da ido. Ka danna tozo, ka shafa bayan haƙarƙari, ka kama gindin wutsiya, nan za ka san nama da kitse. Ka buɗe baki ka duba haƙora don sanin shekaru. Ka dubi hanci: lafiyayyen sa hancinsa da laima yake. Ka sa a ja shi ya yi tafiya ka ga yadda yake ajiye kofato. Duk wannan yaro mai kai zai iya kama shi cikin damina biyu ko uku. Abin da ke cin shekaru shi ne mutum ya iya riƙe ƙirjinsa.

Ranar da na fara, na ɗauka igiya za a ba ni. Da muka idar da asuba, Baba Nalado ya ja carbinsa har ya gama, sannan ya kai ni bayan gida inda ake turke shanun baƙi. Akwai wata guzuma kwance. Ya nuna mini ƙasa kusa da ita.

"Zauna nan, ɗan Lajawa."

"In yi me, Baba?"

"Ka kalli bakinta."

Shi ma ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya zuba wa guzumar ido. Da gari ya yi haske sosai sai ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Ina ka je?"

Na ce, "Ina nan, Baba, ban motsa ba."

"Gangar jikin na gani. Zuciyar nake tambaya."

Na ce ta je Lajawa, ta dawo, ta leƙa wurin mai ƙosai, ta kuma tsaya tana tunanin ko tsohon nan yana da lafiya.

Ya ce, "Ta sha tafiya, ba ta ko yi sallama ba. Gobe ka riƙe ta kusa."

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya koya mini a hankali. Saniyar da ta natsu takan yi tuƙa, wato ta dawo da abin da ta ci ta sake taunawa. In ka zuba ido za ka ga curin yana hawowa ta maƙogwaro, ta shiga juya muƙamuƙi gefe zuwa gefe ba gaggawa, ta haɗiye, ta ɗan dakata, wani ya hawo. Kai kuma ka bar idonka a nan, ka sa hankalinka a numfashinka, ka ji shigarsa ka ji fitarsa, kada ka tilasta shi. Ka ji ƙasar da kake zaune a kai. Jaki zai yi kuka, mota za ta wuce kan gada, wani zai ƙwala wa wani kira. Ka ji su, ka bar su su wuce. Tunani zai tsere, dole ne. Zai tafi wurin farashi, wurin wanda ya zage ka jiya, wurin abin da za ka ce wa wane gobe. In ka farga ya tafi, sai ka dawo da shi. Baba yakan ce zuciya maraƙi ce, in ka fizge ta da ƙarfi sai ta tirje, in ka janyo ta sannu sai ta biyo. Za ta sake tserewa, ka sake janyowa, ba zagi ba fushi. Tsawon zaman bai wuce yadda za a dama fura a sha ba. Shi ke nan. Ba karatu a ciki, ba turare, ba layar da ake binnewa.

Na taɓa tambayarsa ko wannan ibada ce. Ya ce a'a, salla da wuridi na Allah ne, an riga an yi su. Wannan gyaran kayan aiki ne, kamar yadda mahauci ke wasa wuƙarsa kafin ya fita. Sai dai ya ce ya lura wanda ya saba da shi, ko a sallar ma zuciyarsa ba ta cika zuwa kasuwa ba.

Mutanen kara ba su yarda ba. Cewa suke yi asiri ne, wai shanun ne ke gaya masa farashinsu. Wani dillali da ake kira Ɗan Iro har ya lallaɓo wata rana da hantsi, bayan mun fita, ya haƙe wurin da Baba yake zama yana neman abin da aka binne. Matan gida suka gan shi. Da labari ya iske Baba, ya aika masa cewa an gode da kaftu, in ya sami sarari ya zo ya ƙarasa sauran filin, za a shuka kuɓewa.

Cinikin da ya fara nuna mini amfanin zaman, na wani jan bajimi ne mai manyan ƙaho. Mai saye wani Bayarabe ne daga Badun, mun saba da shi, gwanin ciniki ne na gaske. Dabararsa ita ce ya taya da wulaƙanci, ya kushe dabba a gaban mai ita, ya juya kamar zai tafi, ya dawo, ya sake kushewa, har sai ran dillali ya ɓaci. Ya san mutumin da ransa ya ɓaci ɗayan biyu zai yi, ko ya sallama don a rabu, ko ya yi zagi ciniki ya watse a koma wurin wani. Da ya taya, na ji jini ya hau mini kai. Baba yana gefe, sai ya kama hannuna ya ɗora a kan kuiɓin bajimin, ya ce, "Duba mana ko yana da zazzaɓi." Bajimin lafiyarsa ƙalau. Na ji cikinsa yana tashi yana sauka a ƙarƙashin tafina, na bi shi da nawa numfashin, har zafin ya sauka. Sannan na ce, "Albarka," da muryar da zan tambayi mutum kwanan iyali. Bayaraben ya dube ni, ya dubi Baba, ya yi dariya ya ce, "Baba, ka ɓata mini yaron nan." Ya ƙara tayi.

Tun daga ranar ban amsa tayi ba sai hannuna na jikin dabba. Mutane suna ɗauka ƙiba nake dubawa. Ku sani, a kara kowa karanta kowa yake yi. Bafulatani maƙogwaronka yake kallo, in ya ga kana haɗiyar yawu ya san kana son dabbar. Mahauci ƙafafunka yake kallo, in ya ga kana sauya tsayuwa ya san kana sauri. Ba ka iya ɓoye waɗannan da wayo. Sai dai ka kwantar da abin da ke haifar da su.

Baba Nalado ya rasu kafin yaƙin basasa, baƙinsa da yawa suka dawo hannuna, na buɗe nawa gidan. Bayan yaƙi kuma sai kuɗin mai suka shigo, kara ta zama wata aba dabam. A da shanu da ƙafa suke tafiya Kurmi, ko a kai su Kano a sa su a jirgin ƙasa, mutum yana da lokacin shawara. Yanzu sai ga manyan motoci a jere bakin kara, kowane direba yana danna oda, yana so a cika masa ya kama hanya kafin yamma. Farashin hantsi dabam, na azahar dabam. 'Yan kwangila daga birni su zo da mota mai sheƙi, su nuna sa da makullin mota, ko taɓa shi ba su yi ba, su ce a kai musu. Mahauta na kuka an tsauwala. Fulani kuma sun gano rediyo da agogo da kujerar Makka, kowa yana so a sayar masa yau yau. Dillalai suka koma cin abinci a tsaye. Goro ba ya barin baki, ƙwayar ciwon kai kuwa kamar gyaɗa ake watsa ta.

Akwai abokin aikinmu, Alhaji Ɗanjuma, ƙaƙƙarfan mutum, shi ya fi kowa lodin mota a lokacin. Kullum in ya wuce ni da safe sai ya ce, "Garba, mota na jira kana kallon guzuma? In ta gama taunawa ka ce ta ba ka rabonka." Wata Juma'a yana tsaye bakin tudun da ake hawar da shanu mota, yana faɗa da direba da yaran lodi a lokaci guda, sai muka ga sandarsa ta faɗi, shi ma ya bi ta. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa bai sake motsi ba, bakin nan da ya cika kara ya karkace. Ba na cewa rashin zama ne ya kayar da shi, ciwo da lafiya na Allah ne. Abin da na sani, ni ma a shekarun nan tun ranar Alhamis ƙirjina yake fara bugawa, wuyana ya sandare, abinci ya ƙi shiga. In na zauna da safe, sai in ji abin ya sassauta gwargwadon da zan iya aiki. Wasu cinikayyar sun wuce ni saboda jinkirin. Na bar su sun wuce.

Ana cikin wannan sai fari ya zo. Damina ta gaza, ta bayanta ma ta gaza. A birni ana ta gine-gine, a daji dabbobi na faɗuwa. Shanu suka riƙa kwararowa daga arewa, ƙashi da fata, har kara ta rasa wurin tsayuwa. Abin da ake taya saniya da shi, a da ko tunkiya ba za a ba ka ba. Mahauta suka daina shiga tsakiyar kasuwa, sai su tsaya a bakin hanya suna jiran wadda ta durƙushe.

Wata Alhamis da la'asar Ardo Hammadu ya iso ƙofar gidana. Tsohon baƙo ne, tun zamanin Baba Nalado yake sauka wurinmu, kuma shi ne babba a danginsa. Inda ya sauka nan suke sauka. Na san garkensa lokacin da in suka ratsa hanya sai mai keke ya sauka ya jira. Ranar nan abin da ke bayansa bai cika turken bayan gida ba, kuma yawancinsu mata ne. Mutumin da in muka fara gaisuwa sai an kira mu cin abinci, ran nan daga "salamu alaikum" sai ya ce, "Fatoma, gobe ka sayar da su."

Na ce, "Sannu da hanya, Ardo. Ina iyali? Ga fura, a sha tukuna. Waɗanne za a fitar?"

"Duka."

"Har matan?"

"Har igiyoyin. An ce a Kano ana biyan mutum don ya zauna a bakin ƙofar wani ya riƙe sanda. Sanda ina da ita. Zama kuma ba zai gagare ni ba."

Kowa a kara ya san abin da wannan yake nufi. Makiyayi yakan sayar da bajimi, ya sayar da guzuma, garke yana nan. Ranar da ya sayar da karsana da uwar garke kuwa, ya fita daga kiwo ke nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya koma ba, don in ruwa ya sauka farashi zai tashi ya bar shi a ƙasa. Ni ma ina da nawa lissafin, ba zan ɓoye ba. In Ardo ya tafi gadi, danginsa za su watse, fatoma kuma ba ya zama fatoma in ba baƙi. Amma dillali ba ya hana mai kaya sayar da kayansa. Abin da na lura da shi ɗaya ne: duk maganar nan da muke yi, ya juya wa shanun baya. Da aka kora su turke ma bai waiwaya ba. Ya gaya mini waɗanda suka mutu a hanya ɗaya bayan ɗaya, da inda kowace ta faɗi, amma bai ce komai ba game da waɗanda suka iso.

Na ce, "To, Ardo, kayanka ne, za a sayar. Sai dai ka san al'adar gidan nan, ba a fitar da dabba sai an zauna da safe. Gobe kai za ka taya ni zaman."

Ya ce, "Zaman Nalado? Na ɗauka an binne shi tare da shi."

Na sa aka ba shanun ruwa kaɗan kaɗan da jiƙaƙƙiyar dusa da ɗan kanwa, don dabbar da ta daɗe da yunwa in ka cika mata ciki lokaci guda kai ka kashe ta.

Da safe bayan salla muka je bayan gida. Na zauna. Shi ya tsaya a kaina, sanda a kafaɗa.

"Yanzu Kaɗo ne zai koya wa Bafulatani kallon nagge?"

"Wane ni, Ardo. Ni kallon da nake yi na mai neman la'ada ne. Zauna dai ka huta da ƙafafunka."

"In na zauna farashi zai tashi?"

"Ba zai tashi ba."

"Ruwa zai sauko?"

"Sai Allah ya so."

"To amfanin me?"

Na ce, "Ka ce gadi za ka yi. Fara gwadawa a nan, mu ga ko za su ɗauke ka."

Ya yi tsaki, ya zauna. Bai daɗe ba ya miƙe, ya je bakin danga, ya dawo, ya sake zama. Ina jin numfashinsa, sama sama yake fita kamar na wanda ya yi gudu. Ni ma nawa ba daidai yake ba, don ina da mota da aka yi wa rabin lodi tun jiya, direban ya ce in hantsi ya yi bai gan ni ba, zai ba wani dillali wurin. Daga kara ana ta danna oda. Zuciyata ta tafi wurin motar, na janyo ta. Ta sake tafiya, na sake janyowa. Wani mahauci da ya ga shigowar shanun jiya ya leƙo ta saman danga ya ce, "Alhaji, a fito da su mana tun suna tsaye da ƙafafunsu." Ardo ya yunƙura zai tashi, na ce masa a hankali, "Ka ji shi, ka bar shi. Ka ji iskar da ke shiga hancinka, ita kaɗai."

Rana ta fara taɓa saman danga. Can sai na ji numfashin tsohon ya sauko, ya yi nauyi, ya yi tsawo. Sandar da ya ƙanƙame ta kwanta a cinyarsa. Muka daɗe haka. Sannan ya yi magana, ƙasa ƙasa, kamar ba da ni yake ba.

"Waccan tana tuƙa."

Na ɗaga kai na dube ta.

"Da ta kusa da ita. Da farar can." Ya ɗan dakata. "Wannan kuma ciki gare ta. Yaushe ta ɗauka ban sani ba?"

Ya tashi ya shiga cikinsu. Yana kiran kowace da sunanta, yana shafa wuya, yana duba hanci, yana danna ciki. Ni ban koya masa komai ba a nan, ya fi ni sanin saniya nesa ba kusa ba. Dabbar da ke tuƙa cikinta na aiki, in ta sami ɗan abin taɓawa za ta kai. Wannan ko ɗan Fulanin da bai fara kiwo ba ya sani. Makonni ne kawai ya yi bai iya tsayar da idonsa a kansu ba. Ya shiga ware su, masu tuƙa gefe ɗaya, waɗanda suka daina gefe ɗaya. Masu tuƙar sun fi yadda ni da shi muka zata.

Na ce masa ina da mutum a Dagumawa, Malam Audu, manomi ne mai gona kusa da fadama. Yana da karan dawa da bai ƙone ba, da itatuwan gawo a gonarsa suna zubar da 'ya'ya, kuma kullum kukansa taki. In shanun suka kwana a gonarsa har faɗuwar ruwa, shi ya sami taki, su sun sami abin taunawa. Raunanan da suka daina tuƙa kuma a sayar, abin da aka samu a sayi dusa da shi. Hankalin Ardo kuwa na kan wata ja mai farin goshi da ke tsaye ita kaɗai a tsakiya, bai kai ta ko wane gefe ba.

Ya ce, "Wule ke nan. Kakar kakarta mahaifiyata ce ta ba ni, ina yaro. Duk jajayen da ka taɓa sayar mini daga gidansu suka fito."

Ta sunkuyar da kai, hancinta a bushe, dusar jiya tana gabanta ba ta taɓa ba. Ardo ya zauna a ƙasa dab da ita, wannan karon ba wanda ya ce ya zauna. Ya zuba wa maƙogwaronta ido yana jiran curin ya hawo. Na koma na zauna a bayansa. Hantsi ya yi, odar motata ta daina, na san an ba wani wurin. Muka yi ta jira. Ƙuda na sauka a idonta ba ta ko kaɗa kunne. Na san abin da ya sani: in ba a yanka ta yau ba, gobe mushe ce, ba ta amfani kowa ba. Ban faɗa ba, don ba maganata ba ce.

Daga ƙarshe ya ce, "Da ka sayar da su duka a dunƙule yadda na ce jiya, da ban ji komai ba. Kai ka jawo mini wannan, Fatoma."

Na ce, "Ni ne, Ardo."

Ya miƙe, ya kwance ta da hannunsa. Raunanan ni na kai su kara na yi cinikinsu, na matsa iyakar yadda kasuwar ranar ta bari, na kuma cire la'adata, don sana'a ce. Wule kuwa bai ba ni ita ba. Shi ya ja ta har bakin hanya inda mahauta suke, yana tafiya daidai da tafiyarta. Mahaucin nan na safe ya taso da murmushi zai fara kushe ta, Ardo ya dube shi kawai, ya ce, "Taya, kada ka zage ta." Mutumin ya haɗiye maganarsa, ya taya, aka daidaita. Ardo ya miƙa masa igiyar, ya ce ya yi mata da wuƙa mai kaifi. Ya tsaya yana kallo har suka shige cikin mutane.

Da muka dawo gida ya sha furar da ya ƙi sha jiya, ya tambayi lafiyar iyalina ɗaya bayan ɗaya, ni ma na tambayi nasa. Sannan ya ɗora sandarsa a kafaɗa ya ce, "Wannan Audun naka, yana da faɗa?"

Na ce, "Yana da shi, amma bai kai ka ba."

"To sa a nuna mini hanyar Dagumawa."

Cikin waɗanda ya kora ranar nan ba duka suka ga damina ba. Waɗanda suka gani sun isa a sake tayar da garke. Bayan shekaru, da aka aiko mini da rasuwarsa, a ruga na je na yi gaisuwa, sai da na ratsa ta cikin shanu kafin in kai ga tabarmar masu zaman makoki.